Shekarar Haihuwar Goggo Janja

Mutanen Donji Lug in za su yi zancen Dinko Radoš, da aikinsa suke farawa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana yi wa gwamnati awon filaye, kuma ana cewa ba a taɓa kama shi da kuskuren taku ɗaya ba. Maza a gaban kanti sukan ce idan ka gaya wa Dinko an yi ruwa jiya, zai tambaye ka wa ya rubuta. Mata kuwa matarsa Zdenka suke tausaya wa. Wai ranar da ta shaida masa tana da ciki, sai da ya ga takardar likita sannan ya yi murmushi. Zdenka ta sha ƙaryata wannan magana, amma da yake tana dariya take ƙaryatawa, zancen bai mutu ba. Ba wanda ya taɓa cewa mugu ne. Tsofaffi dai sukan ce yaron ya fi yarda da hatimi a kan bakin mutum.

Da ya yi ritaya ya baro gari ya dawo gidan mahaifinsa. Ya gyara rufi, ya dasa inabi, ya rasa abin yi, sai ya faɗa neman asalin zuriyarsu. Ya share teburin ɗakin baƙi ya shimfiɗa doguwar takarda irin wadda yake zana taswira a kai, ya fara daga kakansa Jure, yana hawa sama yana gangarowa ƙasa, layi na bin layi. Kowane suna yana da lamba, kowace lamba tana da takardarta a cikin jaka. Sunan da bai samu takardarsa ba, da fensir yake rubuta shi.

Sanyin wannan shekarar ya tsaga dutsen kabarin gidansu, dangi suka yanke shawarar a yi sabo kafin ranar tunawa da matattu, farkon Nuwamba. Kabarin ɗaya ne na gida duka. Jure na ciki, da matarsa Luca, da 'ya'yansu maza biyu, saura wuri ɗaya, kuma kowa ya san na waye. Goggo Janja, autar Jure, ƙanwar mahaifin Dinko, ba ta yi aure ba. Ita ta yi jinyar uwarta, sannan ta yi ta ubanta shekara goma sha ɗaya, tana juya shi a gado kamar jinjiri. Tun da za a sassaƙa sabon dutse, za a sa sunanta tare da na sauran, da shekarar haihuwarta, a bar gurbi a gefe, yadda ake yi wa duk wanda ya riga ya san inda zai kwanta. Har ta je wajen Frane mai sassaƙa ta zaɓi irin rubutun da take so, ta ce kada a shafa masa ruwan zinariya, ita ba matar likita ba ce.

Dinko aka ɗora wa tabbatar da shekarun da za a sassaƙa. Ya je ofishin rajista a gari ya karɓo takardar kowa. Ta Goggo ta ce an haife ta ran sha biyu ga Yuli, 1940, 'yar Jure da Luca. Haka yake a katin shaidarta ma, don haka bai tsaya a kai ba. Da ta ji yana neman tsofaffin takardu, ita da kanta ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado ta miƙa masa, ta ce ya duba ko akwai abin amfani, ita idonta ya daina ganin ƙananan rubutu. A ciki ya tarar da fasfon Jure na lokacin da ya tafi haƙar kwal a Beljiyam. Hatimin fita ya nuna Satumba 1938. Hatimin dawowa ya nuna Nuwamba 1940. Ya buɗe kowane shafi ya ɗaga shi sama wajen haske, babu wani hatimi a tsakani.

Ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya daɗe yana kallonsu. Ya ƙirga watanni a kansa, ya sake ƙirgawa a takarda. Mutumin da ya bar gida a Satumba 1938 ba zai haifi 'ya a Yuli 1940 ba.

Da ya nuna wa Zdenka, ba ta ko zauna ba. Ta ce ya mayar da fasfon cikin gwangwanin, ya rufe, ya kai wa matar abinta.

"Ita ta goge maka majina sa'ad da uwarka take gona," in ji ta. "Yanzu kai ne za ka auna ta?"

Ya ce shi ba zai faɗa wa kowa ba, amma kuma ba zai zana ƙarya ba. Sai ya ɗauki roba ya goge layin da ya haɗa Jure da Janja, ya sake zana shi ɗigo-ɗigo, yadda yake zana iyakar gonar da ba a tabbatar ba. A zuciyarsa ya ɗauka ya yi adalci ga kowa.

Ranar idin Maryamu, tsakiyar Agusta, dangi suka taru kamar kullum, har da waɗanda ke aiki a Jamus. An gasa rago biyu, an jera tebura ƙarƙashin ɓaure, mutum kusan talatin. Bayan an ci an ƙoshi aka matsa wa Dinko ya fito da aikinsa. Aka kwashe faranti, aka shimfiɗa takardar, aka danne gefunanta da kwalabe, kowa na neman sunansa da yatsa. Šime, ɗan baffansa, direban babbar mota a Jamus, wanda ba ya ganin abu ya bar shi, shi ya fara lura.

"Injiniya, tawada ce ta ƙare maka a kan Goggo, ko rowa ka yi mata?"

Aka yi dariya. Goggo ma ta yi dariya, tana zaune a bakin tebur da baƙin ɗankwalinta, tana ɓare ɓaure. Da Dinko ya ce hannunsa ne ya goce, da maganar ta wuce. Amma an yi masa tambaya, kuma shi duk rayuwarsa in an tambaye shi abin da ya zana, bayani yake yi. Ya yi bayanin da muryar ofis, a tsanake, ya faɗi ranar fita, ya faɗi ranar dawowa, ya faɗi ranar haihuwa. Zdenka ta taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur har sau biyu. Kafin ya kai ƙarshe shi kansa ya ji yadda wurin ya yi tsit.

Goggo ta ajiye ɓauren ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"To Dinko, me ka ce uwata ta yi?"

"Ni ban ce komai ba, Goggo. Takardu ne."

Ta dube shi. Sannan ta ce a miƙo mata sandarta, ta gode wa waɗanda suka gasa naman, ta ce gishirinsa ya yi daidai. Šime ya tashi zai raka ta, ta ce ya zauna, ta san hanyar gidan da aka haife ta.

Washegari ta sauka wajen Frane ta ce kada ya sassaƙa sunanta. Daga nan ta wuce wajen Fada, limamin cocinsu, ta ce in ranarta ta zo a haƙa mata a gefen katanga, inda ake binne waɗanda ba su da kabarin gida. Fada ya yi ta ba ta baki, ta ce ba ta son kwanciya a inda ake shakkar ta. Labarin ya riga ta isa gida. Kafin mako ya zagayo, matan da ba su taɓa ganin Luca ba sun fara tuna wai an ce kyakkyawa ce, kuma wai akwai wani mai sayar da gishiri da yakan ratsa ƙauyen a waɗancan shekarun.

Dinko ya hau gidanta sau uku. Na farko ta yi kamar ba ta ji ƙwanƙwasawa ba. Na biyu ta aiko maƙwabciyarta ta ce tana barci. Na uku ya tarar da gwangwanin biskit ɗin da ya mayar mata an ajiye shi a bakin ƙofa, a waje. Zdenka kaɗai take karɓa, ita ma da sharaɗin kada a ambaci sunansa. Daga bakin Zdenka ya ji cewa tsohuwar ta rage cin abinci, tari ya kama ta, kuma ta daina zuwa maƙabarta ranar Lahadi, ita da ba ta taɓa fashin kai wa iyayenta fure ba.

A gida ya yi ta kare kansa. Shi bai ƙirƙiri ranakun ba. Ba shi ya buga hatimin ba. Da ma ba a tambaye shi ba. Zdenka takan bar shi ya gama, ta ce eh, ta ci gaba da yankan kabeji. Shirunta ya fi damunsa a kan faɗa. Ya daina shiga ɗakin baƙi. In ya je kanti, hira takan tsaya, sannan a koma zancen fari da tsadar takin zamani. Frane ya aiko sau biyu yana tambaya ko ya ci gaba da dutsen haka nan, don shi bayan ranar matattu rufe rumfarsa yake yi sai sanyi ya wuce. Dinko ya ce ya dakata, bai kuma san abin da yake jira ba.

A ƙarshen Satumba ya koma ofishin rajista, wai don neman takardun dangin mahaifiyarsa, amma gaskiya don ya fita daga gidan ne. Magatakardar, wata mata mai fama da mura, ta ce ba ta da lokacin kwafe masa mutum tara, ga littafin nan ya duba da kansa, kada dai ya jiƙa yatsa da miyau. Wannan ne karo na farko da ya ga littafin da ake ciro masa takardu daga ciki.

Abin da ya fara kama idonsa rubutun ne. Hannu ɗaya ne, tawada ɗaya, daga haihuwar 1920 har ta 1945, babu inda alƙalami ya canja, babu inda hannu ya tsufa. Ya koma shafin farko. A nan aka rubuta cewa an sake haɗa wannan littafi a shekarar 1948, bisa shaidar mutanen gari, saboda na asali ya ƙone. Dinko ya san littafin coci ya ƙone lokacin yaƙi, yaro ma ya sani a Donji Lug. Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne, to daga ina aka ciro takardar da ya riƙe da hatiminta.

Ya buɗe shafin Goggo. A gefe akwai sunayen shaidu biyu, Pajo Vukas da Ilija Matić. Ya buɗe shafi na gaba, su ne. Ya tsallake shafi ashirin, su ne dai. Mutum sama da ɗari huɗu, duk waɗannan biyun suka rantse sun san ranar haihuwarsu, kuma duk cikin kwana uku aka gama. Ilija mai kaɗa ƙararrawar coci ne, kurma tun yana saurayi. Pajo kuwa Dinko ya tashi ya gan shi, tsoho mai jan hanci da ke wuni a gaban kanti yana jiran wanda zai saya masa kofi ɗaya na giya. Daga wani ƙauye ya zo, ya auri wata bazawara a Donji Lug bayan yaƙi. Lokacin da aka haifi Goggo, ko hanyar garin bai sani ba.

Ya tambayi magatakardar ko ta san da haka. Ta fyace hanci ta ce kowa ya sani, rabin tsofaffin da ke zuwa nan cewa suke yi gwamnati ta rage musu shekaru. Dinko ya tuna ya sha jin wannan magana a bakin tsofaffi, har a bakin Goggo, ya ɗauke ta wasa. Matar ta ƙara da cewa in yana son na gaske ya je wajen bishop, babban limamin cocin yankin, don a da kowane Fada littafi biyu yake rubutawa, ɗaya ya ajiye, ɗaya ya aika can a ƙarshen shekara. Ba duka suka tsira ba, amma ya gwada.

Sai da ya yi kwana tara kafin ya je. Bai gaya wa Zdenka dalilin jinkirin ba. Tsoro yake ji ta kowane gefe: in littafin ya gaskata shi, Goggo ta tafi gefen katanga ke nan, in ya ƙaryata shi, to shi ya tura ta can a banza.

Ɗakin tsofaffin littattafan yana ƙasan ginin ofishin bishop, da sanyi da warin ƙura. Mai kula da shi wata tsohuwar sistar coci ce, Bernarda, gajeriya, mai rigar sanyi biyu a kan kayanta. Ta saurare shi har ya gama, ta karɓi takardar rajistar ta karanta, ta miƙa masa abarsa. Ba ta tashi neman littafi ba tukuna. Ta tambaye shi wa ya faɗi wannan rana, ya ce Pajo Vukas. Ta tambaye shi yaushe ya faɗa, ya ce bayan shekara takwas ko fiye. Ta tambaye shi ko Pajo yana wurin da aka yi haihuwar, ya ce a'a.

"To hatimin me ya shaida?" in ji ta. "Ya shaida cewa Pajo ya faɗa. Bai shaida cewa Pajo ya sani ba."

Sannan ta sake duban sunan, ta ce a ƙauyukan can sama, a wancan zamani, ba a cika zaɓar wa jariri suna ba, waliyyin da ranarsa ta fi kusa shi ake bi. Ranar waliyyiya Janja kuwa ashirin da ɗaya ga Janairu ce. Ta tambaye shi yaushe suke yi wa goggon tasa biki. Ya ce a Janairu, kowace shekara, ana kai mata lemo da kofi. Bai taɓa haɗa wannan da ranar haihuwa ba, tunda mutanen zamaninta ba ranar haihuwa suke yi wa biki ba, sai ranar waliyyin da suka ci sunansa. Sista ta ce wannan ba hujja ba ce, amma ya isa ya nuna musu watan da za su fara dubawa.

Ta sauko da na 1940, babu Janja a Janairu, babu a Yuli. Ta sauko da na 1939. Littafin siriri ne, rubutun yana canja kauri daga shafi zuwa shafi, wani wuri tawada ta yi ruwa, wani wuri alƙalami ya tsaga takarda. A shafi na biyu suka same ta. An haife ta sha tara ga Janairu, an yi mata baftisma ashirin da ɗaya. Uba Jure Radoš, a ƙasa kuma da ƙaramin rubutu, yana aiki a Beljiyam. Uwa Luca. Ungozoma Manda Perić, wadda ita ta kawo jaririyar coci. Wata huɗu ke nan da tafiyar Jure.

Dinko ya zauna a kan benci. Ya ce alhamdu, yanzu an samu tabbas. Sista Bernarda ta ce ya dai yi a hankali da wannan kalma. Wannan ma maganar mutane ce. Ungozoma ta ga haihuwa, Fada ya ga jaririya, sunan uba kuwa uwa ce ta faɗa. Bambancin kawai, an rubuta shi bayan kwana biyu, a hannun mutanen da suka raka Jure bakin hanya wata huɗu da suka wuce, suna ganin cikin matarsa. Ta rufe littafin a hankali.

"Cikin waɗanda suka san maganar, akwai mai rai?"

"Akwai. Ita kanta."

"Me ta ce?"

"Ban tambaye ta ba."

Sista ta tashi. Ta je ta yi masa hoton shafin, ta sa masa a ambulan.

A hanyar dawowa ya tsara abin da zai yi. Zai cike layin da tawada, ya aika wa kowa hoton shafin ta waya, har na Jamus, ya kai wa Fada ɗaya, ya kai wa Frane sabuwar shekara, 1939. Ya lissafa wa Zdenka duka a bakin ƙofa, bai ko cire hula ba. Ta karanta takardar, ta zauna, ta rufe fuska da tawul ɗin da ke hannunta. Da ta ɗago ta ce duk ya yi waɗannan, suna da kyau, amma a cikin jerin nan nasa akwai abin da ba ta ji ba. Ya ce wanne. Ta ce shi ne mai ilmi, ya nemo.

Ya yi duk abin da ya lissafa cikin kwana biyu. Saƙonni suka dawo, wasu da murna, wasu da zagi. Frane ya ce shi ba zai taɓa dutse ba sai mai sunan ta zo da kanta ta janye maganarta. Goggo kuwa, da Zdenka ta kai mata labari, cewa ta yi ta ji, ta ci gaba da shan shayinta.

Saura kwana shida ranar matattu ya hau gidanta da safe. Wannan karon ƙofa a buɗe take, don Šime ya dawo daga Jamus yana faskara mata itace a tsakar gida, maƙwabciyarta Stana kuma tana ciki suna tsince wake. Šime ya dube shi, ya ce Injiniya ya zo awo, a matsa masa. Ba wanda ya yi dariya.

Goggo tana zaune kusa da murhu, da bargo a kafaɗa. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ba ta ce ya shigo ba, ba ta ce ya koma ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ciro ambulan, ya fara bayani: yadda aka sake haɗa littafin, su waye shaidun, abin da aka samu wajen bishop. Ya ji muryarsa ta koma irin ta ranar idi, amma ya kasa tsayar da ita. Ya miƙa mata takardar. Ba ta ɗaga hannu daga cikin waken ba.

"Takarda ta fitar da ni, yanzu takarda za ta mayar da ni? Gobe in ka samo ta uku fa?"

Ya ce wannan ita ce ta asali. Ta ce ita ba ta buƙatar a karanta mata ranar da aka haife ta. Sai ta ba da labarin, ba shi take kallo ba, Stana take kallo. Ta ce tana tuna ranar da aka jera su a makaranta, duk garin, ana shiga ɗaya bayan ɗaya wajen wani mutum mai tabarau. Pajo da Ilija suna zaune a bakin ƙofa, an ba su taba. Ubanta ba ya nan, an kwashe maza aikin hanya. Ita kuwa 'yar ƙarama ce, yunwar yaƙi ta hana ta tsawo. Mai tabarau ya tambayi shekarunta, Pajo ya dube ta sama da ƙasa ya ce wannan ba ta wuce takwas ba, lokacin girbin alkama aka haife ta. Uwarta ta buɗe baki, ta ga bindigar sojan da ke tsaye a gefe, ta rufe. A hanyar gida ta ce mata bar su su rubuta abin da suke so, mu mun san namu.

Ta ce ubanta kuma, a shekarunsa na ƙarshe, in tana juya shi, yakan ce ya bar ta tana motsi a ciki, ya dawo ya tarar tana gudu tana tsoronsa, sai da ya yi wata guda yana ba ta sukari kafin ta yarda ya ɗauke ta.

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi.

"Ni na ba ka gwangwanin nan da hannuna. Gidana da naka taku nawa ne, kai da ka iya awo? Ka je gari, ka je wajen bishop, ka tambayi matattu. Ni da nake nan zaune ba ka tambaye ni ba."

Šime ya daina faskare.

"Ni ban damu da kaina ba," ta ce. "Ko'ina aka sa ni ƙasa ce. Amma Luca shekara biyu ta yi ita kaɗai da yara uku da awaki, tana ɗaukar ruwa daga rafi a bayanta. Yau matan da ba su kai ta wanke musu ƙafa ba suna zancenta da mai gishiri. Wannan wace takarda ce za ta goge shi?"

Dinko ya dubi ambulan ɗin da ke hannunsa. Akwai amsoshi a bakinsa, irin waɗanda ya yi wata biyu yana ba Zdenka: ranakun ba nasa ba ne, kowa ya ga hatimin zai yarda, tambayarsa aka yi. Ya ji su duka sun taso, ya haɗiye su. Ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu. Ya cire hularsa, ya ƙaraso ciki, ya durƙusa a gaban murhu, gwiwarsa ta yi ƙara. Da ya buɗe baki muryar ta fito ƙasa-ƙasa, Goggo ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi. Ya sake faɗa, yadda Stana za ta ji, yadda Šime zai ji daga tsakar gida.

"Goggo, ba takardu ba ne, ni ne. Na faɗi abin da ban sani ba a kanki da a kan Kaka Luca, a gaban mutane. Na zalunce ku. Ki yafe mini."